Ƙugiyar Hamidu Ƙura

Kafin kowa ya gani, Hamidu Ƙura ne ya gani. Wannan ba abin gardama ba ne, ko da yake a Agege ba a rasa wanda zai yi maka gardama ko a kan sunan unguwarku ne. Yana zaune a bencin shagon Mahbub mai buga katin biki, sanda tsakanin gwiwoyi, ido ɗaya a kanne saboda hasken gilashi, sai ya ɗaga sandar ya nuna fuskar kwamfuta ya ce, "Kai, ina ƙugiyata?"

Sai an san mutumin kafin a san nauyin tambayar. Hamidu bai taɓa zama a aji ba, kuma bai taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Ya shigo Ikko yana saurayi a taragon shanu, shi da su a tsaye har tashar jirgin ƙasa ta Iddo. Da aka buɗe ƙofa wasu shanun sun kwanta ba su ƙara tashi ba, shi kuwa ya diro yana tambayar inda ake sayar da tuwo. Bijimi ya taɓa sokarsa a haƙarƙari, ya tashi ya karkaɗe riga. Ruwan damina ya ja shi cikin kwalbati a Iyana Ipaja, ya fito ta ɗaya bakin da hularsa a ka. Laƙabin ma ba kyauta aka ba shi ba. Wata rana wani bijimi ya tsinke igiya a mayanka ya nufi layin dogo, maza suka dare, Hamidu ya rufa masa baya. Waɗanda suka gani sun ce ba a ganin mutum, ba a ganin dabba, ƙura kawai ake gani tana tafiya. Da ta lafa, ga Hamidu zaune a wuyan bijimin yana mayar da numfashi. Tun daga ranar ya zama Ƙura.

A duk haruffan boko guda ɗaya tak ya sani, na farkon laƙabin nan. Wani akawun ƙungiyar mahauta ne ya nuna masa tun da daɗewa. In harafin yana da 'yar ƙugiya a kafaɗa, ƙura ce, wadda jarumi ke tayarwa. In babu ƙugiya, kura ce, mai wari, mai satar nama. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rataye cinya a ƙugiya ba ya bukatar a nuna masa sau biyu.

Matsalar ita ce Alhaji Sharif mai fatu, amininsa tun suna kwana a rumfa ɗaya. Tun da aka buɗe wa mahauta zaure a waya, Sharif ba shi da aiki sai rubuta "Kura ta iso", ko "a ɓoye hanta, Kura na hanya". A karanta wa Hamidu ana dariya. In ya yi magana sai Sharif ya ɗaga hannu ya ce, "Ni me na yi? Waya ce ba ta da ƙugiya." Har sababbin mahauta sun fara ɗauka, suna faɗa ƙasa-ƙasa in ya wuce. To ga shi Bara'atu, jikar Hamidu, za ta yi aure, kuma katin zai shiga kowane gida da kowace waya daga Agege har Mile 12, da sunan kakanta a layin farko. In ya fita da Kura, an gama. Da shi za a yi masa sallah.

Mahbub ya sosa ƙeya. Ya san babu ƙugiyar, ya dai yi fatan tsohon ba zai duba ba.

"Baba, wa zai lura? Yanzu kowa haka yake rubutawa."

"Ni ba kowa ba ne. Da babanka ya buga katin uwar yarinyar nan, a shagon nan, da ƙugiya ya fito. Ka sayar da ita ne?"

Bara'atu tana jingine da ƙofa tana latsa waya. A Legas aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, kuma aikinta ke nan, rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani a Yaba. Ta ɗago ta ce, "Oga Mahbub, a wacce manhaja ka tsara shi?"

"A sabuwar. Tun da na canja kwamfuta, tsohuwar kullum sai ta fito mini da gargaɗi, wai nan gaba ba za ta yi aiki ba. Na ce gara in saba."

"Buɗe tsohuwar mu gani."

Ya danna. Ba abin da ya faru. Hamidu ya yi tari, ya gyara zama, wata motar haya, danfo, ta wuce kwandasta na kiran Oshodi, sannan wata taga ta buɗe a hankali, toka-toka, maɓallanta masu kusurwa kamar bulo, rubutunta dishi-dishi a kan sabon gilashin nan mai sheƙi. Amma tana buɗewa sai yatsun Mahbub suka farka. Ko duban su bai yi ba. Tak, tak, tak, ga zanen gefe ya kewaye katin, ganye da taurari sun sarƙe da juna, irin wanda duk ɗan Agege ya taɓa gani manne a bangon ɗakin uwarsa. Ya sake danna wani maɓalli, sai ga harafin ya tsaya a farkon suna da ƙugiyarsa a kafaɗa.

"Allahu akbar," in ji Hamidu. "Ka ga 'yar halak."

"Baba Agba, tsaya ka ji," in ji Bara'atu. Haka take kiransa da Yarabanci in tana son ta tsokane shi. "Ɗauki kwamfutar nan kamar gari. Duk manhajar da za ta zauna a ciki, akwai harsashin da ake gina ta a kai. Sabuwar nan, a kan harsashin garin na yanzu aka gina ta. Yarensu ɗaya. In tana son taga, ko harafi, ko na'urar bugawa, kai tsaye take tambayar gari ya ba ta. 'Yar ƙasa ce. Waccan kuwa tun zamanin baban Oga Mahbub aka gina ta, a kan harsashin da masu garin suka daina gini a kai. Sun dai bar mata tafinta a tsakani don kada ta mutu. Shi ya sa take jan ƙafa, shi ya sa take dishi-dishi. Irinta legasi ake ce musu."

"Le me?"

"Legasi. Da Hausa, to, kamar ka ce gado."

Hamidu ya dafa sanda ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Gado! To ai zance ya ƙare. Mahbub, gadon ubanka ka tura lungu ka rungumi 'yar ƙasa? Ni nan da kuke gani, da tafinta na fara ciniki a garin nan. Wata Iya mai barkono ce take juya mini magana, ta faɗi rabi ta haɗiye rabi, kuma ban mutu ba. Waɗanda suka ce mini baƙo, yau jikokinsu a kwance suke gaishe ni. Da gado za a buga."

"Kaka, ba irin wannan gadon ba ne. A takarda za ta fito daidai, ban musa ba. Amma in aka tura a waya, ina jin tsoro."

"Ke dai tun da kika samu mai baƙin gemu kika daina jin maganar mijinki na fari."

"Mijin da ba ya iya tauna ƙashi?"

"Kawo ƙashin! Kawo na gwiwar raƙumi!"

Mahbub ya ɓoye dariyarsa a bayan kwamfuta. Hamidu ya buga sanda a ƙasa ya ba da umarni, kafin a buga ko guda ɗaya a takarda, a tura wa mutum ɗaya a waya, Alhaji Sharif. Shi zai fara gani, ya kwana da shi. Bara'atu ta dubi fuskar kakanta yadda take walƙiya.

"Oya, tura masa," ta ce. "Ni dai na faɗa."

Washegari da hantsi Hamidu ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, wadda ba ya sawa sai Juma'a, ya nufi rumfar dattawan mahauta da ke bakin mayanka. Tafiya yake yi a hankali don kowa ya samu rabonsa na kallo. Tun daga nesa ya hango Sharif a kujerarsa, tabarau a karan hanci, waya a hannu, mutane sun yi masa rumfa a kan rumfa. Ya ce a ransa, yau bakin mai fatu ya mutu.

"Kakan amarya!" in ji Sharif. "Zo, zo, ka ga abin al'ajabi."

"Ka gani ko? Ka ga ƙugiya? Sai ka nemi wata ƙaryar, ta waya ta ƙare."

"Na ga abu dai. Amma ba a sama yake ba."

Ya miƙo wayar. Hamidu ya karɓa, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita. A inda harafinsa ya saba tsayawa da ƙafafu biyu, wani abu ne zagayayye kamar bakin tulu, da wani ɗan guntu yana reto a ƙasansa.

"Mene ne wannan?"

"Sunanka ne. Turawa kiyu suke ce masa. Bar ta sunan harafi, dubi abin da ke lilo a ƙasa. Jama'a, don Allah, me ke lilo a bayan dabba?"

"Wutsiya!" rumfa ta amsa baki ɗaya.

"Shekara da shekaru ina faɗa yana musu," in ji Sharif, yana share hawaye da bakin rawani. "Yau ga shi da hannunsa ya aiko mini da ita, har da wutsiyarta!"

Wani ya saki wuƙar da yake wasawa ya riƙe ciki. Wani ya fita waje don ya samu iska. Hamidu yana tsaye cikin babbar riga, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙahon bijimi bai shige shi kamar yadda wutsiyar nan ta shige shi ba. Amma wanda ya san shi ya san ba a ganin haka a fuskarsa. Ya mayar da wayar kamar mai mayar da goron da bai yi masa ba.

"Gwaji ne," ya ce. "Na aiko in ga ko idonka yana aiki har yanzu. Kada wanda ya tura wa wani."

"Na ba ka zuwa la'asar, don zumunci," in ji Sharif. "Bayan la'asar ɗan yatsan nan ba ya jin maganata."

Keke mai ƙafa uku ya sauke shi a ƙofar shagon Mahbub kafin rigar ta gama hucewa. Ranar Asabar ce, Bara'atu tana wajen tela a layi na gaba, aka kira ta ta zo da zare manne a mayafi.

"Gadon ubanka ya sa mini wutsiya," in ji Hamidu, tun bai zauna ba.

Da ta gane abin da ya faru, Bara'atu ta yi dariya har ta zauna a kan ɗaurin takardu. Sai da ta ga tsohon ba wasa yake yi ba sannan ta haɗiye sauran.

"Yi haƙuri, Kaka. Ka ga, tsohuwar nan ba ta taɓa sanin harafinka ba. A zamaninta haruffan da aka ba ta kaɗan ne, na Turawa kawai. Sai masu dabara suka duba suka ga Hausa ba ta amfani da kiyu, suka ɗinka masa riga mai ƙugiya suka sa masa. In ka duba a shagon nan, riga za ka gani. In aka buga a takarda, riga. Amma rigar a cikin kwamfutar nan take rataye, ba ta bin saƙo. Da ya isa wayar Alhaji Sharif, tsirara ya isa."

Hamidu ya dubi tagar nan mai toka-toka.

"Wato duk shekarun nan ƙugiyar aro ce."

"Baba, ta aro ko ba ta aro ba," in ji Mahbub, muryarsa ta ɗan tashi, "da ita babana ya buga katin rabin Agege, kuma ba wanda ya taɓa dawo da kati. Ita sabuwar fa? Na yarda, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Rubutunta garau. Ka jawo hoto daga waya ta karɓa ba musu. In gari ya canja launi da yamma ita ma ta canja, kamar tare aka haife su. Amma nemi zanen gefe irin namu a cikinta. Babu! Sai furannin da ban taɓa gani a ƙasar nan ba. Kuma yatsuna ba su san ɗakunanta ba, komai sai na yi lalube kamar baƙo a gidan surukai."

"Kuma ba ta da ƙugiya," in ji Hamidu.

"Ita ai ba ta ajiye haruffa," in ji Bara'atu. "Gari ke ajiyewa, ita ta tambaya. Kuma garin yana da harafinka na gaske, ba mai riga ba. Da na ɗa, da na ɓarawo, duk suna nan an daɗe da zuba su. Ba wanda ya je ya ɗauko ne. Oga, matsa mini."

Ta ja kujera, ta shiga can cikin saitin kwamfutar inda Mahbub bai taɓa leƙawa ba, ta ƙara Hausa a kan harsunan da madannai ke ji. Ta nuna masa inda harafin yake kwance.

Hamidu dai bai saki gado ba. Mutum ne da in ya tsaya wa abu, sai abin ya kore shi da kansa.

"To tunda akwai ta gaske, a ba tsohuwar. Me ya hana? Tsoho ba ya sa sabuwar hula ne?"

"Kaka, ba za ta..." Ta tsaya. "Shi ke nan. Oga, gwada masa."

Mahbub ya koma tsohuwar taga, ya goge mai wutsiya, ya danna sabon harafin. Taga ta yi ɗan tunani. Sai ga wani abu ya fito a farkon sunan, dogo, lanƙwasasshe daga sama, da ɗigo a ƙarƙashinsa.

Hamidu ya yi tsalle. Mutumin da aka taimaka masa ya sauko daga keke, shi ne ya yi tsalle.

"Ga ta! Ga ta nan! Kai, wannan ai ta fi ta da! Waccan ta rataye kaza ce, wannan ita ce ta cinyar bijimi. Dubi bakinta! Har da ɗigon jini a ƙasa! Mahbub, buga! Buga kafin ta canja ra'ayi!"

Mahbub ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa na girgiza. Bara'atu ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Me kuma? Me na ce?"

"Kaka," ta ce da ƙyar, "wannan ba harafi ba ne. Alamar tambaya ce."

"Tambayar me?"

"Gari ya miƙo harafinka, tafinta ya karɓa ya juya shi ya rasa yadda zai faɗa mata, ita kuma ta rasa abin da aka ba ta. In ta rasa, wannan alamar take sawa. Kamar ta ce, wane ne wannan?"

Dariya ta tsaya, don fuskar tsohon ta canja. Ya koma benci ya zauna a hankali.

"Ni take tambaya wane ne?"

"Kai fa."

"A Agege?"

"A Agege, Baba Agba."

Ya jima yana kallon tagar. Sannan ya yi mata magana kai tsaye, yadda ake yi wa mutum.

"Na tsaya miki a gaban jikata. Na sa babbar riga saboda ke. Wutsiya zan iya yafewa, kowa yana kuskure. Amma a garin da ko akuya ta san takuna, ki dube ni ki ce wane ne wannan?" Ya juya ga Mahbub. "Buɗe 'yar ƙasar."

Kafin ya rufe baki ta buɗe. Mahbub ya nemi maɓallin da ɗan yatsa ɗaya, ya danna. Harafin ya tsaya, ƙafafu biyu a ƙasa, ƙugiya a kafaɗa, baƙi wuluk, gefensa kamar an yanka da sabuwar wuƙa. Hamidu ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin. Wannan karon bai yi kabbara ba. An sha shi sau biyu.

"Tata ce ko ta aro?"

"Ta gari ce. Duk inda ta je ita ce, takarda ko waya."

"Tura wa wayarki in gani."

Ta tura, ya duba, tana nan. Ya sa aka tura wa ta Mahbub, mai fasasshen gilashi, ya duba ta tsakanin tsagar, tana nan. Ya sa aka kashe wayar aka kunna, ko za ta gudu a duhu. Tana nan.

"To," ya ce. "Yarinyar tana da tarbiyya."

Sai dai katin ya zama fari fat, suna da rana da wuri kawai, kamar takardar asibiti. Mahbub ya gwada ɗaya daga furannin sabuwar, ya goge. Ya gwada wani, ya goge. Idonsa yana ta komawa kan tsohuwar taga, inda ganye da taurarin babansa suke kewaye da sunan da ta kasa ganewa. Hamidu ya lura. Ya san wannan kallon, ya sha ganinsa a fuskar makiyayin da ya kawo saniyar da ya raina da hannunsa.

"Zanen nan," ya ce, "a cikinta yake ko a jikinta?"

"A gefe dai yake, Baba."

"To fata ce. A feɗe ta."

Bara'atu ta tafa hannu. "Abin da nake shirin yi ke nan! Mu cire rubutun, mu fitar da zanen shi kaɗai a matsayin hoto, mu shimfiɗa shi a sabuwar. Hoto ba ruwansa da tafinta."

"Kina shiri, ni na faɗa. A rubuta wanda ya faɗa."

Aka shiga fiɗa. Tsohuwar ta yi ta nishi kafin ta saki zanen, Hamidu yana tsaye a kan Mahbub da sanda yana ba da umarni kamar a mayanka. "A hankali ta wajen kusurwa. Kada ka huda. Fatar da aka huda Sharif ma ba ya saye." Da aka shimfiɗa zanen a sabuwar sai ya zauna daram, ganyen suka fito har da jijiyoyinsu, waɗanda shi kansa Mahbub bai taɓa sanin suna nan ba saboda dishi-dishin da ya saba gani. Ya daɗe yana kallo.

"Akwai wasu da yawa a cikinta," ya ce a hankali. "Na suna, na saukar karatu, na walimar alhazai. Duk zan feɗe su kafin a sallami tafintan."

"Ka feɗe, amma kada ka jefar da ita," in ji Hamidu. "Ta yi rashin kunya, amma ta yi aiki. A bar ta a lungu ta huta."

Ana kiran la'asar sabon katin ya tafi wayar Alhaji Sharif. Hamidu ya yi sallah a masallacin layin, ya ce Bara'atu ta raka shi, don yana son shaida daga cikin gida. Suka tarar da rumfa ta cika fiye da ta safe, labarin wutsiya ya zaga. Sharif yana zaune da waya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sa yatsu biyu ya buɗa rubutun har harafi ɗaya ya cika gilashin. Ya juya wayar a kaikaice. Ya leƙa ƙasan harafin, ko akwai abin da ke lilo.

"Karanta wa jama'a," in ji Hamidu.

"Iyalan Malam Hamidu..." Sharif ya yi tari.

"Ci gaba. Ko a kawo maka ruwa?"

"Ƙura."

"Ban ji ba. Ka san tsufa."

"Ƙura, na ce! Ƙura! Sai na fasa maƙogwaro?"

Rumfa ta ɗauki sowa. Waɗanda suka yi ihun wutsiya da safe su ne suka fi kowa tafi, haka mutane suke. Ana cikin haka Bara'atu ta durƙusa ta gaida Sharif, ta ce, "Alhaji, ara mini wayar in duba wani abu." Ya ba ta ba tare da tunani ba. Ta ɗan latsa, ta mayar masa da hannu biyu.

"Na sa maka Hausa. In ka danne harafin ka riƙe, mai ƙugiyar zai fito. Yanzu wayarka ba ta da uzuri."

Sharif ya dube ta, ya dubi wayar, ya dubi sama.

"'Yar nan, da me na cuce ki? Ni da na yi niyyar kawo miki buzun sallah na fatar rago?"

"Ka kawo, Alhaji. Ka rubuta sunan kakana a jiki."

Mai fatu dai ba ya mutuwa a zaune. Ya gyara tabarau, ya yi ta danne-danne da ɗan yatsa ɗaya, harshe a waje, sannan wayoyin rumfa suka yi ƙara gaba ɗaya. Wani ya karanta da ƙarfi: "Sanarwa. An ba Ƙura ƙugiya. Kowa ya tsare namansa."

Aka sake fashewa. Hamidu bai yi dariya nan take ba. Ya karɓi wayar mutumin, ya nisanta ta, ya matso da ita, ya duba kafaɗar harafin. Da ya ga abin da yake nema, sai ya saki dariyar da ta fi ta kowa, har shanun da ke cikin shinge suka ɗago kai.

Haka katin ya fita, a takarda da a waya, da ganye da taurari a gefe, da suna a tsaye yadda Allah ya yi shi. Masu ɗaukar kaya a Mile 12 sun gani, 'yan kasuwar Idumota sun gani, dangin ango sun gani har suna tambayar wa ya tsara. Mahbub ya ce shi ne. Bara'atu ta ce ita ce. A bar su su faɗa, yara ne. Wanda ya fara ganin babu ƙugiya, wanda ya sa aka tona asirin mai riga, wanda ya ce a feɗe, mutum ɗaya ne, kuma bai taɓa riƙe alli ba.

Duk wanda ya ce ba haka aka yi ba, hanyar Agege ba a rufe take ba. Ya hau danfo ya sauka a bakin mayanka, ya tambayi rumfar dattawa, da hantsi ake samunsa. Ya zo da kwamfutarsa, ta gado ko 'yar ƙasa, ya zo da duk karatun da ya yi. In ya isa, ya tsaya a gaban Hamidu, ya dube shi ido cikin ido, ya faɗi sunan nan babu ƙugiya. Sandar tana nan a tsakanin gwiwoyi.